Allurar Sinawa ko ƙahon wanzami: wanne ya fi dacewa da ciwon gwiwar Inna?

Hajiya, kin ce mahaifiyarki ta haura shekara 60, ciwon gwiwa da na ƙugu sun dame ta shekara biyu ke nan, kina tambaya ko a ci gaba da kiran wanzami yana yi mata ƙaho, ko kuwa a ɗauke ta daga nan Damagaram a kai ta Yamai a yi mata allurar Sinawa, wato akupantur. Allah Ya ba Inna lafiya. A ganinmu, in hannun ƙwararre ne kuma allurar sabuwa ce, allura ta fi ƙaho ƙarancin haɗari, bincike kuma ya fi tsaya mata. Sai dai babu ɗaya cikinsu da ke mayar da guringuntsin gwiwa da ya cinye.

Ƙaho dai kin san shi. Wanzami ya kafa ƙahon a wurin ciwo, ya zuƙe iskar ta ƙaramar kafar da ke sama, ya toshe. Bayan ƴan mintoci fata ta taso, sai ya cire, ya yi tsaga da aska, ya sake kafawa har jini ya taru. Baƙin gudan da ake nuna wa mutum a ce ga mataccen jinin da ke sa ciwo, jini ne lafiyayye daga ƙananan hanyoyin jini na fata, daskarewa kawai ya yi a cikin ƙahon. Ciwon Inna yana can cikin gaɓa, inda ƙashi ke gugar ƙashi, tsagar kuwa iyakarta fata.

Allurar Sinawa ba a ɗura ruwan magani da ita, ba a kuma fitar da jini. Ƙarfe ne siriri wanda ba ya tsatsa, kaurinsa wajen milimita 0.25, tsawon waɗanda aka fi aiki da su milimita 25 zuwa 40. Akan kafa 5 zuwa 20 a zama guda, zurfin santimita 1 zuwa 3 a wuri mai tsoka, a bar su minti 20 zuwa 30. Mai yi yakan ɗan murza su da yatsa, ko ya haɗa su da ƙaramar na'urar lantarki. Abin da ya kamata a ji shi ne nauyi ko tsami a wurin. In zafi ne mai harbi kamar wuta har ƙasan ƙafa, an taɓa jijiya, a faɗa nan take a janye allurar. Littattafan Sinawa na sama da shekara 2,000 sun ce wani ƙarfi ne ke gudana ta hanyoyi a jiki, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurare 361 da ake sokawa. Masu fiɗa ba su ga waɗannan hanyoyi ba. Abin da aka gani shi ne sukar tana motsa jijiyoyi, laka da ƙwaƙwalwa su saki sinadaran rage zafi na jiki.

Maganar bincike ita ce inda ya kamata ki natsu. A 2007 an fitar da sakamakon wani gwaji a Jamus kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Bayan wata 6, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun samu sauƙi. Waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Waɗanda suka tsaya kan magani da kulawar da aka saba, kashi 27. Wato allurar ta taimaka, amma dacewa da ainihin wurin bai kawo wani babban bambanci ba. A 2018 kuma an tattara gwaje-gwaje 39 na mutum 20,827 masu ciwon baya, wuya, kafaɗa, gwiwa da ciwon kai. Allurar gaske ta fi ta bogi da ɗan kaɗan, ta fi rashin yi da matsakaicin rata, kuma yawancin sauƙin ya kai shekara. Shi ya sa hukumomi suka rabu: ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abin da za a gwada don ciwon baya a 2017, hukumar Ingila kuwa ta ce a 2016 kada a yi ta don shi, amma ta yarda da zama har 10 cikin mako 5 zuwa 8 don rigakafin ciwon kai mai dawowa. Ƙaho ba shi da irin wannan tarin shaida. Gwaje-gwajensa ƙanana ne, sauƙin da suka nuna na ɗan lokaci ne, kuma da wuya a yi ƙahon bogi da za a kwatanta da shi.

Duk wanda ya ce miki ɗayansu na warkar da ciwon suga, hawan jini, sikila ko rashin haihuwa, kada Inna ta ajiye maganinta saboda shi.

Haɗarin allura iri biyu ne. Ƙanana suna da yawa: ɗigon jini, ɗan kwanciyar jini a fata, jiri ga wanda ya zo da yunwa. Babba ba kasafai ba, amma yana kisa: allurar da ta yi zurfi a ƙirji, saman kafaɗa ko tsakanin haƙarƙari tana iya huda huhu, musamman ga siririn tsoho. Alamarsa zafin ƙirji da sarƙewar numfashi cikin awoyi, kuma wannan sai sashen gaggawa. A ɓare ledar allura a gabanku, a ƙirga su wajen sawa da wajen cirewa, a jefa su a kwalin zubar da allurai. Mai na'urar bugun zuciya ba a sa masa lantarki. Mai ciki ta faɗa tun farko, don akwai wuraren da ake kauce wa.

Haɗarin ƙaho ya fi damunmu, don ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, ƙwayar kuma tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Ɗauraye aska da ruwa ko goge ta da tsumma ba ya kashe ta, cikin ƙaho kuwa ba ya wankuwa yadda ya kamata. Ga nau'in C, ga ƙanjamau. Ga tsohuwa mai ƙarancin jini da ake ɗibar mata duk wata, ga mai suga da tsagarta ke ruruwa ta ƙi warkewa, ga mai shan maganin tsinka jini. Mun san hijama, wato ƙaho, ta zo a hadisai ingantattu, ba mu raina ta ba, amma babu inda aka ce a yi wa mutum goma da aska ɗaya. In Inna ta nace, ki sayi reza sabuwa da kofunan roba nata ita kaɗai, wanzami ya sa safar hannu, a fara auna jininta, kada kuma a tsaga bayan gwiwa ko kan kumburarrun jijiyoyin ƙafa.

Wajen sauƙin samu, ƙaho ya yi gaba, wanzami har gida yake zuwa. Allura kuwa jeri ce: sau 1 ko 2 a mako, zama 6 zuwa 12. Tawagogin likitocin Sin suna zuwa Nijar tun 1976, babban asibitin da Sin ta gina a Yamai kuma an buɗe shi a 2016, amma tsakaninmu da can kusan kilomita 900 ne. Zaman motar kaɗai zai tayar mata da ƙugu. In ba za ta samu masauki na wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ba, zuwa don zama ɗaya asarar kuɗi ce. In kuma aka yi zama 5 ko 6 ba canji, a dakata.

Kafin duka wannan, a kai ta babban asibitin Zinder a duba ta, a ɗauki hoton gwiwa da ƙugu in likita ya ga dama. Zazzaɓin dare, rama, ciwon da ke tashe ta daga barci, ƙafa da ke mutuwa, ko fitsari da ke kufce mata, alamu ne na abin da ya wuce amosani, kamar tarin fuka na ƙashin baya. Gwiwa mai zafi, ja, kumburarriya, ba a soka mata allura ba a kafa mata ƙaho.

In tsufan gaɓa ne, abin da ya fi su duka shaida shi ne ƙarfafa cinya da rage ƙiba, kuma sashen kine na asibiti, wato masu koyar da motsa gaɓoɓi, zai nuna mata. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ta sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. Ta rage tsuguno da zaman tabarma, ta yi salla a zaune ranar da sujada ta gagara. Man diclofenac na shafawa ya fi mata ƙwayarsa, don ƙwayar diclofenac da ibuprofen suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, balle a zafin Afrilu da Mayu da jiki ke bushewa. Paracetamol kada ya wuce giram 3 a yini a shekarunta. Tramol na masu talla kuwa kada ya shiga ɗakinta, don yana sa tsofaffi jiri su faɗi, jiki kuma yana sabawa da shi.