Aflasafe ko buhun PICS: wanne ya dace da manomin gyaɗa da masara?

Tun da aka shiga maganar sankarar hanta a majalisarmu, manoman yankin Ringim ke tambayata wanne za su saya. Cutar ta kashe mutum kusan 760,000 a duniya a 2022. Gubar aflatoksin da funfuna ke bari a gyaɗa da masara na cikin masu jawo ta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. A Qidong ta ƙasar Sin mace-macen sun ragu bayan mutane sun koma cin shinkafa maimakon masara mai gubar.

Aflasafe hatsin dawa ne da aka shafa wa funfuna marar guba don ta kori mai gubar. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi, kuma a gona yake aiki. Kilo 10 ake watsawa a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin fure, yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Sai dai kowace damina sai ka sake saye, ga wuyar samu a kasuwannin ƙauye, abin da ke damuna ke nan.

Buhun PICS mai ruɓi uku ajiya yake karewa. Yana toshe iska, ƙwari su mutu ba tare da magani ba, kuma yakan yi shekaru in ɓera bai huda shi ba. Amma ba ya cire gubar da ta shiga tun daga gona, kuma dole amfanin ya bushe sarai.

Mai babbar gona da ke sayar wa kamfani, Aflasafe ya fi masa. Magidancin da ke ajiye abincin iyalinsa har bazara, ya fara da buhun.