Shagon iri na wajen Kejetia, na je siyo wa yayana irin wake

Yayana yana noma a Ejura, masara da wake, ni kuma ina nan Aboabo a Kumasi, to duk shekara idan lokacin shuka ya matso ni yake aikawa kuɗi ta momo, wato ta waya, in siyo mai iri da maganin feshi in sa a mota. Bana ya ce min abu ɗaya tak, in tabbatar waken da zan siyo wane iri ne, saboda surutun GMO, wato irin da masana suka sauya wa ƙwayar halitta, ya cika musu WhatsApp, kowa da abin da yake faɗa, har akwai masu cewa duk waken da ke kasuwa yanzu an taɓa shi.

Shagon da na je wani ne da ke wajen Kejetia, na wani dattijo, na taɓa siyan taki a wurinsa sau biyu. Wurin a share yake, iri gefe ɗaya magani gefe ɗaya, ba irin shagunan nan da za ka ga kwalbar guba a kan buhun wake ba. Wannan kam na yaba.

Inda raina ya ɓaci shi ne da na tarar da yaron shago shi kaɗai. Akwai buhu a buɗe an rubuta Songotra da maka a jikinsa, ba lebul ba komai, ana auna wa mutane da gwangwanin awo na olonka. Na ce ɗan'uwa wannan Songotra ne ko Songotra-T? Sai ya ce ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne! Songotra tsohon iri ne da cibiyar SARI ta Nyankpala kusa da Tamale ta fitar tun da daɗewa, manoma sun san shi. Shi kuwa mai T ɗin shi ne wanda aka sa wa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, don tsutsar nan maruka mai cin fure da kwanson wake in ta ci ta mutu. Hukumar National Biosafety Authority mai sa ido kan GMO a Gana ta amince da shi a 2022, aka ƙaddamar da shi a 2024, kuma shi ne amfanin gona na GMO na farko da Gana ta saki wa manoma. Harafi ɗaya ne tsakaninsu amma wanda zai zuba kuɗinsa da guminsa a gona ai yana da haƙƙin sanin wanne ya shuka.

Ina shirin fita sai ga mai shagon ya dawo daga masallaci. Na gaishe shi na ce Baba ga abin da ya faru, bai yi musu ba ko kaɗan, ya ce ɗana wannan buhun tsohon Songotra ne daga wani manomi na siya, mai T ɗin ba ni da shi, kuma da ina da shi a leda mai hatimi zan sayar maka ba a olonka ba. Ya zaunar da ni a benci ya yi min bayanin da ban taɓa samu a wani shago ba, cewa irin masarar da ake kira haibirid aure ne tsakanin masara da masara, ba shi ne GMO ba, mutane ne ke ɗaukarsu abu ɗaya. Ya kuma faɗi abin da ya sa wasu manoma ke neman mai T, wake ana iya fesa shi har sau 8 kafin girbi, wannan kuwa masu binciken sun ce kamar sau 2 ya isa, sauran ƙwari dai sai an fesa musu.

Ni ban je da gaba da GMO ba, ban kuma je ina sonsa ba. Najeriya ta riga mu, tun 2019 suka amince da nasu da aka yi a Zariya. Nan kuma doka tana nan tun 2011, Act 831, ba wanda ya isa ya shigo da irin wannan abu ko ya sake shi sai da izinin hukuma, har ƙungiyar Food Sovereignty Ghana ta kai ƙara kotu don a hana GMO, aka yi shekaru ana yi kafin a kori ƙarar a 2024. Duk wannan a Akara aka yi shi cikin ofis da kotu. Abin da ke damuna shi ne a bakin buhu, inda talaka ke miƙa kuɗinsa, babu abin da ke gaya mai gaskiya sai tsoron Allah na mai shago, in ka samu yaro irin wancan shi kenan ka tafi da duk ɗaya ne.

Na siyi iri na cikin leda mai takardar shaida, ya fi na buhu tsada sosai amma sunan irin na jiki, na ɗauki hoto na tura wa yayana ya ce to. Rasit sai da na tambaya sau biyu kafin a rubuta min.

Zan koma shagon in sha Allah, amma in za ka je ka bari sai bayan azahar lokacin da Baban yake zaune da kansa.