Abin da na gani a hannun kamfanin da ya ɗauko mana kayan ɗaki daga Sin zuwa Katsina

A watan Disamba na 2023 muka sa ranar auren 'yata ta fari, aka tsayar da biki mako biyu bayan ƙaramar Sallah, wato cikin watan Afrilu na 2024. Kamar yadda kowa ya sani, kayan ɗaki nauyi ne da ke wuyan iyayen amarya, kuma mahaifiyarta ta daɗe tana son a yi mata gado da kujeru irin waɗanda ake kawowa daga ƙasar Sin. Wani ƙanena da ke sarin takalma a birnin Gwanzu na ƙasar Sin ya yarda ya leƙa kasuwar Lecong da ke birnin Foshan, inda shagunan kayan ɗaki suka jeru tsawon kilomitoci, ya zaɓa mana gado da sif da madubi da kujeru saiti ɗaya. Dakon kayan kuwa sai muka damƙa shi ga wani kamfani mai ofis a Kano da sito a Gwanzu. Ba zan ambaci sunansa ba, amma zan faɗi yadda aikinsa ya kasance, domin na san akwai iyaye da yawa a Katsina da Daura da ke wannan lissafi a yanzu.

Gaskiya ɗaya ce, ma'aikatansu suna da ladabi kuma suna ɗaukar waya. Ranar da kayan suka isa sitonsu sun aiko mini da hoton kowane kwali ɗauke da sunana da lambata, sun kuma yi mini bayanin yadda suke awo. Ba da nauyi suke cajin irin waɗannan kaya ba, da girman wurin da suka ci a cikin kwantena ne, ma'aunin da 'yan kasuwa ke kira CBM, wato mita guda a tsawo da faɗi da tsayi. Kwantena mai ƙafa 20 cikinta bai wuce kimanin 33 na wannan ma'auni ba, kuma kujeru suna cin wuri fiye da yadda ido ke zato. Ba ko ɗaya daga kwalayena da ya ɓace, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Matsala ta farko ita ce lokaci. An ce mini wata biyu, ban kuma tambayi daga wace rana za a fara ƙirgawa ba. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba, haɗa shi ake yi da wasu, kuma ba a rufe ta sai ta cika. Ana cikin wannan jira hutun sabuwar shekarar Sinawa ya shigo, wadda ta faɗo ranar 10 ga Fabrairu a 2024, masana'antu da direbobi da masu lodi duk suka tafi garuruwansu. Kamfanin da ya shekara da shekaru yana aiki a Gwanzu ya san da wannan hutu sarai, kuma ya kamata ya gaya mini tun a Disamba. Da na matsa wa manajansu, abin da ya ce shi ne, "Alhaji, ka ƙara haƙuri, kaya suna kan ruwa." Daga baya takardar jirgin ta nuna mini cewa a ranar da ya faɗi haka ba a ma yi lodi ba. Wannan ne abin da ya fi ɓata mini rai, domin da na san gaskiya da na nemi mafita da wuri. Sai da ya rage kwana goma a yi jere na je wurin wani kafinta a Ƙofar Ƙaura ya haɗa mana gado da sif cikin gaggawa, don kada a kai yarinya ɗaki babu komai.

Sai batun kuɗi. Farashin dakon da dala aka yanke shi, ana biya idan kaya sun sauka, a kan canjin ranar. A Disamba dala a farashin hukuma tana kusa da naira 900, kafin ƙarshen Fabrairu ta haura 1,400, kuma kwastan ma da canjin da ake ciki suke lissafa haraji. Faɗuwar naira ba laifin kamfani ba ne, ban kuma ɗora musu ba. Abin da na ɗora musu shi ne ƙarin da suka kira kuɗin jinkirin tasha, wanda ake biya idan kwantena ta wuce kwanakin da aka yafe mata a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. An raba shi a kan duk masu kaya, alhali jinkirin daga takardun mutum ɗaya ya taso, kuma babu inda yarjejeniyarmu ta ambaci haka.

Kayan sun iso Kano a watan Mayu, bayan tafiyar tirela ta fiye da kilomita 1,000 daga Legas, ni kuma na ɗauki hayar mota zuwa Katsina. Da muka buɗe, madubin ya tsage gida biyu, ƙofar sif ɗaya ta kumbura daga ƙasa, ƙafar kujera ɗaya ta karye. Kafintan da ya zo haɗawa ya nuna mini cewa sif ɗin ba katako ba ne tsantsa, garin itace ne da aka matse da gam aka lulluɓe da fenti mai sheƙi, kuma irin wannan da ya sha laima sai ya kumbura, ba ya komawa. Ya ce da an saka madubin cikin akwakun katako maimakon kwali da soso, da wuya ya fashe. Kamfanin yana yin wannan akwaku idan an biya ƙari, yana kuma da tsarin inshora, amma babu wanda ya ambata mini ko ɗaya sai bayan ɓarna ta auku. Da na kai kuka, kamfani ya ce masana'anta ce ta yi ɗauri, masana'anta ta ce lafiya ƙalau kaya suka bar hannunta, kuma mayar da ƙofar sif guda zuwa Foshan ya fi sayen sabuwa tsada.

Akwai kuma wani abu da ba laifin mai dako ba ne, amma ya dace iyaye su sani. Babban gadon Sin faɗinsa santimita 180 ne, tsawonsa 200, ita kuwa katifarmu mai ƙafa shida ta fi haka faɗi kaɗan kuma ba ta kai shi tsawo ba, don haka ta ƙi zama a ciki. Sai da muka ba da aikin wata katifar a kan awon gadon.

Ɗan kasuwa mai sarin kaya marasa fashewa, wanda ba shi da ranar da ke jiransa, zai iya jin daɗin wannan kamfani. Uban amarya kuwa, idan har ya ƙudurta, ya nemi a rubuta masa ranar lodi da lambar kwantena, da wanda zai biya kuɗin jinkiri, da kuɗin akwaku da na inshora, kuma ya fara aƙalla wata shida kafin biki. Kujerun suna falon 'yata yanzu bayan an gyara ƙafar, gadon da take kwana a kai kuwa har yau na Ƙofar Ƙaura ne.