Gyaran tsohuwar Yashica a Sabon Gari: abin da na biya da abin da na samu

Kyamarar Yashica FX-3 ce. Na saye ta ta hannu a 1994, lokacin ina ɗalibi a Samaru ta Zariya, kuma da ita na yi ta ɗaukar hoton biki da suna da na masu kammala karatu. Da kuɗin hoton nake sayen littattafai, har in aika wa Inna ɗan na goro. A 2007, da kowa ya koma dijital masu wankin fim suka fara rufe shaguna, na naɗe ta cikin tsohon rawani na saka a adaka. Shekara 17 ba ta ga rana ba, sai da 'yata mai karatun zane-zane ta ce tana son koyon hoto da fim, ta tambaye ni ko tana nan.

Tana nan, amma yadda na same ta ya sosa mini rai. Baƙar fatar da aka lulluɓe jikinta da ita ta ruɓe, tana manne wa hannu kamar kwalta. Marfin batir ya yi farin gari. Na ɗana ta na danna, ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya: madubin ciki ya tashi bai dawo ba, wurin leƙawa ya yi duhu, hannun jan fim ya ƙi motsi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da na kwance gilashin gaba sai madubin ya faɗo da kansa, komai ya saki. In mayar da gilashin in danna, sai ta sake cijewa. Na yi haka ya fi sau goma.

A nan na yi kuskuren da nake so mai karatu ya guje wa. Na kai ta wajen wani yaro mai gyaran waya, saboda na ga yana da ƙananan sukundireba da hannu mai natsuwa. Bai yi mugun nufi ba, amma bai san kyamara ba. Ya ɗauko gwangwanin man feshi ya fesa mata a ciki, har kan siraran ƙarafan labulen da ke buɗewa haske ya shiga, wanda masu sana'a ke cewa shota. Washegari labulen da a da yake lafiya ya fara tafiya da ƙyar, ganyayensa na manne wa juna. Na je da matsala ɗaya na dawo da biyu.

Wani tsohon abokin sana'a da yanzu yake hoton fasfo a Tudun Wada ne ya kwatanta mini wani dattijo a Sabon Gari, cikin wani lungu ba nisa da kasuwa. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Yawancin abin da ke kan teburinsa yanzu agoguna ne da rediyo, kyamarorin suna jere a kanta ta sama, Zenit da Pentax da Canon, wasu masu su ba su dawo ba har yau.

Bayan gaisuwa na fara zuba masa bayani. Ya ɗaga hannu.

"Malam, bari ita ta fara faɗa mini."

Abin da ya yi cikin minti 15 na farko shi ne dalilin rubuta wannan sharhi, domin bai taɓa sukundireba ba sam. Ya fara shinshina ta, ya ce an fesa mata mai. Ya duba ɗan hannun da ke gaba na ɗaukar kai, wai sau da yawa shi ne yake tsayawa a rabin hanya ya kulle komai. Ya danna maɓallin ƙasa na mayar da fim ya ga yana fitowa. Ya buɗe bayanta ya nuna ta wajen ƙofa, ya bi gudun shota ɗaya bayan ɗaya, daga 1/1000 har zuwa daƙiƙa 1, yana kallo yana kuma kasa kunne. A daƙiƙa 1 ya ce, "Kana ji? Ta kusa kai biyu." Daga nan ya kwance gilashin, ya karkata bakin kyamarar wajen haske, ya kira ni in matso.

"Dubi leɓen madubin nan. Ka ga ya zarce ƙarfen da yake zaune a kai?"

Ya zarce kuwa, da kamar kaurin ƙwayar gero biyu. Ya bayyana mini cewa a irin waɗannan kyamarori da gam aka manna madubin a kan mazauninsa. In shekaru suka ja, zafi ya yi ta dukan gam ɗin, sai ya yi laushi madubin ya riƙa zamewa ƙasa a hankali. Ranar da ya zame ya isa, in ya tashi sai leɓensa ya bugi bayan gilashin gaba ya maƙale, injin ba zai ƙarasa zagayensa ba, hannun jan fim kuma ba ya saki sai zagayen ya cika. Shi ya sa take aiki in babu gilashi. Adakar ƙarfe a ɗakin kwano, a zafin Maris da Afrilu na Zariya, shekara bayan shekara, ba abin mamaki ba ne. Na shekara 13 ina cin abinci da wannan kyamara, ban taɓa sanin haka aka kafa madubinta ba.

Sai ya lissafa mini abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, tun kafin mu yi maganar kuɗi. Madubi zai koma wurinsa. Man da aka fesa zai wanku, amma sai ya buɗe ta sosai. Soson da ke toshe haske a bakin ƙofar baya ya narke ya zama danƙo, dole a kankare a sa sabo. Ya haska tocila ta cikin gilashin, wato Yashica ML 50mm ɗin da na saye ta da shi, ya nuna mini wani abu kamar yanar gizo a gefe. Fumfuna ce, ta samu laimar damina da duhun adaka ta yaɗu. Ya ce zai kashe ta ya goge, amma inda ta riga ta ci rufin gilashin tabo zai zauna har abada, kada in zo daga baya in ce bai faɗa ba. Wannan gaskiyar ta sa na bar masa kyamarar ba tare da fargaba ba.

Mun daidaita a kan naira 22,000, na ba da rabi.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Ya ce mako biyu, aiki ya ɗauki mako biyar. Wayarsa kusan kullum a kashe take, don haka sau uku ina hawa Keke daga Samaru zuwa Sabon Gari a ce in dawo. Ba ya ba da rasit, sunana kawai ya rubuta a guntun takarda ya ɗaure a jikin kyamarar da kyauro. Wanda yake da ranar biki a gabansa, ko wanda zai taso daga Kaduna ko Kano, ya yi lissafi da wannan. A zuwa na uku na nuna ɓacin raina.

"Baba, da ka ce mini wata guda tun farko, ai da ban yi ta zarya ba."

Ya amsa cewa ina da gaskiya, ya ba ni haƙuri. Ya ce ganyayen shotar sai da ya wanke su sau huɗu da man laita, kowane wanki ya bar su su bushe kwana biyu, domin man feshin yana ta sake tsattsafowa daga cikin gaɓoɓi. Na yarda da dalilin, amma har yanzu ina ganin ya kamata ya kira ni.

Ranar ƙarshe na zauna na ga yadda ya ƙarasa ƙofar baya. Ya riga ya kankare tsohon soson da tsinken sakace da auduga da ɗan sifirit. Cikin siraran kwaroron da ƙofar ke shiga bai sa soso ba, baƙin zaren ulu ya tura a ciki da bakin tsinke, ya ce ulu ba ya narkewa. Soso sai wajen maratayar ƙofa da saman akwatin madubi inda madubin ke bugawa. Gidan batir ya goge shi da ruwan khal, ya sa LR44 guda 2, fitilun auna haske uku suka kama, ja da kore da ja. Akwai 'yan ɗigon ƙura a wurin leƙawa da na roƙe shi ya goge, ya ƙi. Ya ce farantin da ke saman madubi roba ce mai laushi, sifirit zai ɓata shi, kuma ƙurar ba ta fitowa a hoto. Iska kawai ya hura masa.

Abin da bai cikin cinikinmu shi ne fatar jiki. Ya sayo siririyar fatar akuya baƙa wajen dukawa, ya zana tsohuwar a takarda, ya yanka ya manna. Ta fi ta kamfanin daɗin riƙewa, kuma naira 1,500 kawai ya ƙara mini.

Kafin in tafi ya gwada ta a gabana. Ya ɗaura mata filasha, ya sa gudun a 1/125, ya buɗe baya ya nuna bango ya danna, muka ga haske ya cika murabba'in gaba ɗaya ba gefen da labule ya tare. Ya kuma gargaɗe ni cewa ma'aunin haskenta yana ƙara kusan mataki ɗaya, kuma ba shi da kayan da zai daidaita shi daidai wa daida. Wannan bai dame ni ba, domin FX-3 tun fitowarta a 1979 batir ɗin nata na ma'aunin haske ne kaɗai, sauran duk ƙarfe ne da sifirin. Ko ba batir tana ɗauka a kowane gudu. A tsakar rana, da fim mai lamba 200, ka sa 1/250 da ƙofar haske 16, ka gama. Da haka muka yi aiki shekaru. A ganina wannan ne ma ya sa gyaran ya yiwu. Ya nuna mini wata Canon AE-1 a kanta, wadda shotarta ba ta motsi sai da batir mai bolt 6, ya ce lantarkinta ya mutu, sai dai in an samu wata a cire mata. Duk mai tsohuwar kyamara ya fara sanin wane iri ce tasa kafin ya zuba kuɗi.

Gwaji na gaskiya sai da fim. Na yi odar Kodak Gold 200 mai ɗauka 36 ta intanet, ni da 'yata muka zaga da yamma: Ƙofar Doka, zanen da ke ƙofar fadar Sarkin Zazzau, masu ɗinkin babbar riga a cikin birni, sai dutsen Kufena gab da magariba. Na aika fim ɗin Legas aka wanke aka turo mini hotunan a waya. Kuɗin fim da wanki da aike, in aka haɗa, sun fi kuɗin gyaran kansa, kuma wannan kuɗi ne da za a riƙa biya kowane zagaye.

Cikin 36, guda 30 sun fito tas. Uku 'yata ce ba ta saita nisa daidai ba, koyo take. Tabon fumfunar bai nuna ba sai a hoto ɗaya da muka fuskanci rana, inda gefen ya yi ɗan hazo. Amma a hotuna biyu na ga jan zane mai ruwan lemo ya ratsa gefe daga sama zuwa ƙasa. Na san wannan alamar tun da: haske ne yake shiga ta baya, shi ya sa yake fitowa ja. Na koma na nuna masa a waya. Ya dubi gefen da zanen yake, ya buɗe ƙofar, ya ce wajen makulli ne, ya bar wani ɗan gurbi bai toshe ba. Nan take ya yanka soso ya cike, ya shiga da ita ƙuryar shago ya saka ƙaramar tocila a ciki ya rufe, ya juya ta ko'ina bai ga haske na fita ba. Na ciro kuɗi, ya ce in mayar, aikinsa ne bai cika ba.

Fim na biyu ya fito ba zane ko ɗaya. Yanzu kyamarar tana hannun 'yata, a cikin robar abinci mai marfi tare da 'yan ƙunshin tsotse laima irin na cikin kwalin takalmi, batir a cire, shota ba a ɗane ba, kamar yadda Baba ya ce. Ya kuma ce ko ba fim ta riƙa danna ta a kowane gudu sau ɗaya a wata. Ta riga ta ajiye fim biyu don hawan Sallah, kuma ranar Asabar za mu kai masa tsohuwar filashata, wadda ita ma take cikin adakar.