Shagon kayan siketin a Kasuwar Barci: takalmi gwanjo ba laifi, amma hular kwano a nemi sabuwa

Masu tambayata inda muke samun takalmin taya da muke siketin da shi a Murtala Square da ke Kaduna ranar Asabar da safe, to ga amsa gaba ɗaya. Wani ɗan shago ne cikin Kasuwar Barci wajen 'yan takalma gwanjo, ko allon suna babu, sai dai ka hango takalman a rataye a bakin ƙofa. Mai shagon dilar kayan wasanni yake buɗewa irin wadda ake kawowa daga Turai, kuma wallahi mutumin ya san abinda yake siyarwa, ba irin masu ce maka "ɗauka kawai mai kyau ne" ba.

Kafin ma ku fara ciniki zai kifa takalmin ya nuna maka lambar da ke jikin tayar, nawa 80mm 84A ne, ta farko girman taya ta biyun kuma taurinta. Ce min yayi "ƙanina in ka ga 78A ka bar ta, tayi laushi, kwaltar garin nan cinye ta zata yi." Sannan ya murza tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kara kunne, wadda yaji tana ƙara nan take ya kwance ya canza boris ɗin, wato ɗan zoben ƙarfen da ke sa taya juyawa, dama boris biyu ne a kowace taya mai lamba 608 kuma yana da su cike da gwangwani. In hunturu ya shigo ƙura ta cika su har takalmi ya fara nauyi, ka mayar masa zai wanke da kananzir ya shanya ya ɗiga man keken ɗinki, kuɗin da zai karɓa bai taka kara ya karya ba. A nan kam ban ga na biyunsa a Kaduna ba.

Inda muka saɓa da shi maganar hular kwano ce. Yana siyar da gwanjonta kuma ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, saboda farin soson nan mai tauri da ke ciki bugu ɗaya mai ƙarfi aka yi shi ya ɗauka, in wani ya taɓa faɗuwa da ita a can soson ya riga ya matse ko ya tsage ta ciki amma waje fes kamar sabuwa, kai kuma baka da hanyar sani. Gashi ya haɗe su duka a kwando ɗaya. Ku leƙa takardar da ke manne a ciki, EN 1078 ita ce ta keke da siketin, EN 1077 kuma ta masu zamiya kan dusar ƙanƙara ce, mai rufe kunne da ɗumi, wadda in ka sa ta a zafin watan Maris ba zaka iya jurewa ba, ƙarshenta cirewa zaka yi ka rataye. Tabaransu na ƙanƙarar dai yana da amfani, yana tare ƙura sosai.

Akwai rigunan hana nutsewa a ruwa ma ga masu hawa kwalekwale a kogin Kaduna. Mai lamba 50N, wato ma'aunin ƙarfinta na ɗaga mutum saman ruwa, ta wanda ya iya iyo ce kuma yana kusa da gaɓa, wanda bai iya ba ya nemi 100N zuwa sama, kuma a ja maɗaurin da ƙarfi a gani ko ya ruɓe. Da damina in kogin nan ya kawo ba abin wasa bane.

Abinda ya ƙara min ganin girmansa, akan idona ya hana wani yaro takalmi da yaji yana cewa Keke Napep zai riƙa kamawa a titin Ali Akilu, yace masa je ka zo da babanka. Dan Allah iyaye a sa ido kan wannan ɗabi'ar. Wasan ba shirme bane, tun gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 aka saka siketin na allo, kuma ko a can duk wanda bai kai shekara 18 ba dole ya sa hula. Mu ma ai 'yan matan Najeriya sun je gasar ƙanƙara ta 2018 a Koriya ta Kudu alhali ko dusar bamu da ita.

Sauran matsalolin, ba farashi a rubuce sai yadda bakinka ya iya ciniki, masu babbar ƙafa daga lamba 44 zuwa sama sai an dace, robar birki ta canji bata cika samuwa ba, kuma layin matsattse ne ba wajen gwada takalmi sai dai ka miƙe ka dafa bango. In zaka je ka tafi da safa mai kauri irin wadda zaka riƙa sawa, ka kuma tambaye shi ranar da zai buɗe sabuwar dila dan masu kyan basa kwana, kariyar gwiwa da ta wuyan hannu ma ranar ake samun saiti cikakke.