Shagon turin fim na wajen Wunti, da abin da na kwaso a filashina

Ni dai tun da na gane data ta fi ƙarfin albashina na daina yaudarar kaina wai zan sauke fim da kaina, fim ɗaya ya cinye maka giga biyu kuma ana dab da gamawa netwok ya ɗauke ka ji kamar ka maka wayar da ƙasa. Shi ya sa yanzu shagon turi nake zuwa. Akwai wani ɗan shago a wajen Wunti a garin Bauchi, in ka wuce masu gyaran waya ka kutsa lungu, bai fi ɗakin gwauro girma ba, benci ɗaya, fanka ɗaya, kwamfuta biyu sai sola a saman kwano. Ba zan kama suna ba don akwai ƙorafi a maganata, kuma yaron yana da ladabi, ba na so a ce na kashe masa kasuwa.

Abin da ya sa nake tsallake shaguna uku na unguwarmu in hau acaɓa in zo nan shi ne mai shagon yana kallon abin da yake sayarwa. Sauran in ka tambaye su fim kaza yana da kyau, kowanne amsarsu ɗaya ce, wai "wuta ne". Shi kuwa zai ce maka Yaya wannan kar ka ɓata kuɗinka, ko ya ce bari sai sati mai zuwa, wanda ke hannuna na silima ne wani ya ɗauka da waya har kawunan mutane za ka gani. Ɗari biyu yake karɓa a fim ɗaya, in ka ɗibi da yawa ya yi maka ragi, kuma ban taɓa kwaso bairos a filashina daga wajensa ba, wanda ya taɓa rasa hotunan bikinsa a memori ya san darajar wannan.

Finafinan Turawa ya kasa su folda uku da sunayen da shi ya raɗa musu: Tsoro, Masu Tashi Sama, sai Na Barci. Wancan watan da aka yi albashi na ce ya zuba min daga kowacce.

A foldar Tsoro na fara da Sinners na 2025, na Ryan Coogler wanda ya yi Black Panther, kuma wallahi tun da na kalle shi sauran duk suka koma min kamar shayi ba siga. Michael B. Jordan ne ya fito a matsayin tagwaye, Hassan da Usaini ke nan a wajenmu, sun dawo garinsu a jihar Misisifi ta Amurka a 1932 bayan sun yi zaman Chikago sun tara kuɗin da ba a tambayar asalinsu, suka sayi wani tsohon gidan yankan katako za su buɗe gidan rawa na baƙaƙen fata a daren ranar. Kusan awa guda babu dodo babu jini, ana ta yawo cikin gari ana haɗa makaɗa da mai girki da mai gadin ƙofa, har ƙanena da muke kallo tare ya ce an cuce mu ba fim ɗin tsoro ba ne. Na ce masa yi haƙuri, mai dafa dutse ne ke shan romonsa.

Inda fim ɗin ya kama ni shi ne wajen da ɗan uwansu Sammie, ɗan fasto da ubansa ya hana shi kiɗa, ya ɗauki jita ya fara waƙa sai ga makaɗan da suka mutu tuntuni da waɗanda ba a ma haifa ba duk sun cika ɗakin, har da masu ganga irin na Afirka ta Yamma suna rawa a tsakiyar mutane. Bature zai ce wannan fasaha ce ta darakta. Ni kuwa da na taso ina jin kakata tana hana mu tsayawa inda ake kaɗa garaya don kar iska ta hau kan mutum, ban buƙaci kowa ya yi min bayani ba, kiɗa yana kiran abin da ba a gani, kuma abin da kiɗan nan ya kira shi ne masu shan jini. Sannan ga dokarsu, ba sa iya shiga gida sai an yi musu iso, sai su tsaya a bakin ƙofa da fara'a da ladabi suna roƙo kamar baƙin kirki. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan haƙoran, domin mu mutane ne da ba ma iya barin mai sallama a tsaye.

Kuma abin da mai shagon bai sani ba sai da na gaya masa, matar da ta fito a Annie, mai layu da tafarnuwa wadda ita kaɗai ta gane abin da ke faruwa tun da wuri, Wunmi Mosaku, a Zariya aka haife ta kafin iyayenta su koma Ingila tana jaririya. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya ce masa akwai 'yar Zazzau a ciki, talla ta samu.

Na biyu Weapons ne, shi ma na 2025, na Zach Cregger. Yara 17 'yan aji ɗaya suka tashi da ƙarfe 2:17 na dare kowa daga gidansu suka buɗe ƙofa suka ruga cikin duhu hannuwa a buɗe, yaro ɗaya tak ya rage a ajin, gari ya taso wa malamarsu har aka rubuta mata mayya a jikin mota. 'Yan sandan fim ɗin suna ta duba kyamara suna ta tambayoyi, matata kuwa ko minti ashirin ba a yi ba ta ce kurciya aka yi wa yaran nan, a nemi tsohuwa. Ba zan ɓata wa wanda bai kalla ba, amma dai akwai gashin kai a cikin maganar, kuma tun daga ranar ta koma ƙone gashin da ta taje kamar yadda iyayenmu ke yi. Abin da bai yi min ba shi ne yadda ake ta maimaita kwanakin ta idon mutum shida, na ɗan sandan nan da ɗan ƙwaya sun ja min rai, kuma ƙarshen ya koma ban dariya alhali ni tsoro na biya kuɗi in ji. Duk da haka ya ci ɗari biyunsa.

Masu Tashi Sama kuwa ba zan daɗe a kansu ba don su ma ba su daɗe a raina ba. Superman na James Gunn ya yi daidai, aƙalla an fara fim ɗin da jarumi ya sha kashi yana kwance a ƙanƙara yana yi wa karensa fito, kuma karen nan Krypto da ba ya jin magana ya fi rabin 'yan wasan iya wasa. Fantastic Four na 2025 kyan hoto kawai, wani ƙato mai cin duniyoyi ya ce a ba shi jariri ya ƙyale kowa, aka ƙi, shi ke nan labarin. Matsalata da su duka ita ce ka san ƙarshe tun kafin a fara, gini zai rushe, sama za ta tsage, wanda ya mutu ma ba ka yarda ya mutu ba don an saba dawo da su. Da muna yara a gidan kallo har tafi muke in jarumi ya kama bos, yanzu kuwa bos ɗin ma kwamfuta ce ta zana shi.

Kuma a nan ƙorafina na farko yake. Na ce masa ya sa min wanda yara za su kalla ranar Asabar, ya tura min Deadpool & Wolverine na 2024 wai ai masu kayan kala ne. Jama'a fim ɗin nan ashar ne tun daga farko har ƙarshe ga sare-sare, a can ƙasarsu ma na manya ne, Allah ya taimake ni na fara leƙawa da daddare kafin in miƙa musu. Da na koma na yi masa magana ya ba da haƙuri ya ce shi faɗan kawai yake kallo ba ya bin Turancin. To ka ga inda gizo ke saƙar, yana kallo amma ba ya saurare. Duk mai yara ya duba da kansa, kar ya dogara da folda.

Yanzu Na Barci. Nan yake jibge duk fim ɗin da ba a harbi ba a bin mota, wai 'yan jami'a na Yelwa ne kawai ke tambayarsu su ma don a ce sun waye. Kyauta ma ya ƙara min guda biyu don su rage masa waje.

Ɗaya Perfect Days ne na 2023, Bajamushe Wim Wenders ya yi shi a Tokiyo, labarin wani dattijo mai wanke banɗakunan gwamnati. Ya tashi da asuba, ya naɗe shimfiɗa, ya ba shukokinsa ruwa, ya sa kaset a mota, ya wanke masai kamar mai wanke kwanon sarki, da rana ya zauna ya ɗauki hoton bishiya, gobe ma haka. Da ƙyar yake magana. Gaskiya ranar farko barcin na yi, mai shago ya ci gari. Amma rana ta biyu bayan isha gida ya yi shiru na sake sawa, sai na tsinci kaina ina tuna wani tsoho da ke share masallacin unguwarmu shekara da shekaru, kullum shara ɗaya tsintsiya ɗaya, ban taɓa tambayar kaina daga ina ya zo ko me ya baro a baya ba, sai da 'yar'uwar dattijon nan ta sauko daga wata zungureriyar mota da direba ka gane ashe ɗan gidan masu hali ne, kuma fim ɗin bai tsaya yi maka bayani ba. Koji Yakusho da ya yi wasan shi ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Kan na Faransa a shekarar, kuma in ka ga fuskarsa a minti biyun ƙarshe yana tuƙi, dariya da kuka suna kokawa, ba za ka ce an yi son kai ba.

Ɗayan kuma Mami Wata ne na C.J. Obasi, namu na Najeriya, shi ma 2023, da Turancin buroka. Mai shagon ya rantse min fayil ɗin ne ya lalace kala ta ɗauke, har yana neman gogewa. Na ce bawan Allah da gangan aka yi shi fari da baƙi, kuma hoton ne ma ya ciyo kyauta a bikin Sundance na Amurka. Farar ƙasar da aka zana a fuskokin matan tana haske cikin dare kamar fitila, labarin kam yana ɗan jan ƙafa a tsakiya, amma ido ya ƙoshi.

Ƙorafi na biyu rubutun ƙasa ne. Fim ɗin Japan ya zo da fassarar da ke riga baki da kusan daƙiƙa biyar, sa'a dai ba a cika magana a ciki ba. Sannan na tambaye shi My Father's Shadow na Akinola Davies, wanda aka ce shi ne fim ɗin Najeriya na farko da bikin Kan ya zaɓa a hukumance a 2025, labarin uba da 'ya'yansa biyu a Legas lokacin rikicin zaɓen 1993, ya ce bai taɓa ji ba, amma ya jawo wani tsohon littafin bashi ya rubuta sunan a bayan bango ya ce in leƙo bayan sati biyu.

In za ka je, ka je da hantsi kafin 'yan makaranta su taso, don daga azahar bencin nan ba ya ɗaukar kowa kuma masu jiran fassarar Indiya ba sa ɗaga ƙafa. Ka tafi da filashi kar ka ba da waya, turin ya fi sauri. Akwai mai masa a bakin lungun, kafin a gama zuba maka fim biyar ka ci ta ɗari uku ka sha ruwa. Ni sati biyun sun cika jiya, gobe in Allah ya kai mu zan koma in ga ko ya samo, kuma na yi niyyar in sa shi ya canza wa foldar Na Barcin nan suna ko da zan biya ɗari biyun.