Sharhi kan aikin masu kafa shingen dingo a New South Wales

Dingo, karen dajin Ostareliya, dabba ce da doka ta yarda a ajiye a gida a jihar New South Wales ba tare da lasisi na musamman ba, muddin an yi mata rajista kamar sauran karnuka, alhali a jihohin Queensland da Tasmania da Ostareliya ta Kudu an haramta hakan, a Victoria kuma sai da izinin hukuma. Sai dai sassaucin doka bai sauya halin dabbar ba, shi ya sa kafin mu ɗauko tamu muka ba wani ƙaramin kamfanin kafa shinge kwangilar gina mata wurin zama.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne shugaban ma'aikatan bai soma da zancen kuɗi ba, sai da ya nemi sanin faɗin kan dabbar. Dalilinsa kuwa, kan dingo ya fi ƙirjinsa faɗi, saboda haka duk kafar da kai ya shige, gangar jiki ma za ta bi. Da wannan awo ya zaɓi ragar waya mai ƙananan idanu, ya kai tsayinta mita 3 kamar yadda Victoria ke buƙata, ko da yake jiharmu ba ta wajabta ba, sannan ya lanƙwasa samanta zuwa ciki domin hana hawa. A ƙasa kuma suka shimfiɗa wata ragar daga gindin shinge zuwa ciki, suka rufe ta da ƙasa. Na ga amfanin wannan da idona: dabbar takan tona har ƙafafunta su ci karo da waya, ta tsaya ta shinshina, ta koma gefe ta sake gwadawa, ba ta taɓa samun hanya ba.

Ƙofar ce ta fi burge ni. Biyu suka yi, da ɗan soro a tsakani, ta yadda ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, kuma suka nace a sa kwaɗo, domin wuyan ƙafar dingo na juyawa sosai, har yakan iya zare sakata. Mai ganin wannan taka-tsantsan ya yi yawa, ya tuna cewa dingon da ya kuɓuce a yankin makiyayan tumaki yana iya gamuwa da harsashi ko naman da aka sa wa gubar 1080, kuma daga Maris zuwa Yuni, lokacin barbararsu da ke zuwa sau ɗaya a shekara, hankalinsu kan karkata ga fita.

Inda suka gaza shi ne inuwa. Rumfar kwano suka kafa ba tare da rufin ciki ba, a Janairu kuwa, lokacin zafi a Ostareliya, ƙarƙashinta ya fi fili turiri, dole muka nemi kafinta ya gyara. Aikin ya kuma wuce wa'adin da suka ɗiba, kuɗinsu ma ba kaɗan ba ne. Duk da haka zan tura musu duk wanda ya tambaye ni, da sharaɗin ya sa batun rumfa da ranar kammalawa a cikin takardar yarjejeniya tun kafin a haƙa ramin farko.